Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Zaɓen Amfilifaya Domin Lasifikar Gida

 Wannan bayani ne ga malamai da fatake game da wata na'ura wadda ta shiga zaurukan mutane, ta kuma ci kuɗin waɗansu ba tare da ta biya musu bukata ba.

Ɗankaza tana cikin ƙasar Wudil, kamar Darki da Utai da Indabo da Lajawa. A irin waɗannan garuruwa da wuya a rasa zauren da a ke taruwa bayan Isha domin sauraron tafsiri, ko ƙira'ar Shehu Mahmud Husari, mutumin Masar wanda ya fara ɗaukar Alƙur'ani duka a faifai cikin 1961. Mai zaure ya kan sami akwatin lasifika, sa'an nan ya nemi amfilifaya, watau na'urar da ke karɓar raunanniyar murya daga rediyo ko waya ko makirufo ta ƙarfafa ta. Da yawa ba su sayen ƙirar kamfani. Yaro mai gyaran rediyo a kan ba kuɗi ranar Jumma'a a kasuwar Wudil, ya sayo kaya a Sabon Gari ta Kano, ya zauna da dalma ya harhaɗa. Tambayar da mai zaure ke yi masa kuwa ɗaya ce tak: "Wat nawa ne?" In ya ce 500 sai fuska ta saki, in ya ce 10 sai a ce ya raina mutane. To, a nan kuskuren ya ke.

Ma'aunin lasifika

Falke ya san jakai biyu ba su zama ɗaya. Wani ya kan ci dawa kaɗan ya kai kaya Gaya, wani ya cinye mudu bai ƙetare gadar Wudil ba. Haka lasifika ta ke. Masana sun yi mata ma'auni: a ba ta wat 1, a tsaya mita 1 daga bakinta, a auna ƙarfin muryar da ta fito da abin da a ke kira desibel. Ƙananan akwatuna na zamani su kan ba da 85 zuwa 88. Manyan akwatuna masu faɗin baki su kan ba da 95 zuwa 100. Mai siffar ƙaho, irin wadda a ke ɗaurawa a kan masallaci, ta kan haura 105. Wannan lamba a kan rubuta ta a bayan akwati ko cikin takardarsa, ita ce kuwa ya kamata a fara tambaya.

Lissafin desibel ba kamar na sule da kwabo ba ne. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat sau 2, duk ƙarin 10 sai an ninka sau 10, kunne kuwa a wannan ƙarin na 10 abin da ya ke ji shi ne kamar murya ta ninka sau 2 kurum. Saboda haka akwati mai 96 da wat 1 zai yi ƙarar da mai 86 ba zai yi ba sai da wat 10. Wanda kuma ya bar amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai 100, desibel 3 kaɗai ya saya da kuɗinsa.

A ɗauki misalin zaure. A fili, duk sa'ad da nisa ya ninka murya ta kan ragu da desibel 6, cikin ɗaki kuwa ba ta kai haka raguwa ba domin bango yana mayar da ita. Akwati mai 96, da wat 1, zai kai wa wanda ke zaune mita 4 akalla desibel 84. Hirar mutum biyu kuwa wajen 60 ce. Ashe ko ushurin wat ya isa a ji kowane harafi daga mafitarsa. In an harhaɗa mai wat 5 ko 10, an sami abin bukata har da rarar da za ta ɗauki ɗaga muryar mai karatu ba tare da ta tsage ba.

Abin da mutanen farko su ka sani

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Lasifika irin ta yanzu waɗansu mutum biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Rice da Kellogg, su ka bayyana ta cikin 1925. A zamanin nan amfilifaya da ƙwayayen gilashi ta ke aiki, wat kaɗan ta ke bayarwa, don haka dole maƙera su ka ƙware wajen yin lasifika mai ƙaramin ci. Dattawan Kano sun tuna akwatin Redifushan wanda ya iso birni cikin 1944, a ke jawo masa magana ta waya daga tasha, ya kuwa ishi zaure. Cikin 1946 Paul Klipsch ya kafa masana'anta a garin Hope na Amurka yana yin lasifikar ɗaki mai ƙaho a naɗe cikin akwati, wadda wat ɗaya ko biyu ke isarta. Cikin 1947 wata mujallar Ingila, Wireless World, ta buga tsarin amfilifayar Williamson domin mutane su harhaɗa da hannunsu a gida. Wat 15 ce, ta kuwa yi suna a duniya. A shekarar nan dai a ka ƙago tiransisto, wat ya yi araha daga baya, akwatuna su ka ƙanƙance su ka zama masu haɗama. Tun daga nan 'yan kasuwa su ka koma tallar wat, har a ka ƙago lissafin da a ke rubuta PMPO a gefensa, wanda kan mai da wat 10 ya zama ɗaruruwa a kan kwali. Lambar da a ke dogara da ita ita ce wadda a ka rubuta RMS.

Aibin ƙarfin da ya wuce kima

Lasifika mai ƙaramin ci kamar ɗalibi mai kaifin ji ce: ba ta ɓoye laifin mai biya mata. Kowace amfilifaya tana da 'yar shuwa tata ko da ba a sa mata kome ba, wadda ke aiki da wutar Nepa kuma ta kan yi gunji in ba a tace wutar sosai ba. Akwati mai 86 zai rufa wannan asiri, mai 96 kuwa zai tona shi har ƙofar gida, ya cika tsakanin aya da aya da ƙugi. Babbar amfilifaya mai yawan ƙari ta fi jawo wannan. Har wa yau maɓallin murya ya kan zama ba shi da linzami, a taɓa shi kaɗan ɗaki ya ɗauka. Ranar da yaro ya murɗa shi duka kuwa, siririyar wayar da ke naɗe cikin lasifika ta ƙone, kuɗi sun tafi.

Ƙaramar da ta gaza ita ma tana da nata aibi. In an matsa mata fiye da ikonta murya ta kan tsage, wannan tsagewa kuwa ita ke kashe ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti. Magani shi ne a auna, kada a yi zato.

Sharuɗɗa biyar ga mai harhaɗawa

Na farko, om. Shi ne nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya, a kan sami 4 ko 8 ko 16. In an haɗa biyu masu 8 kafaɗa da kafaɗa sun koma 4, in an jera su ɗaya bayan ɗaya sun zama 16. Wanda ya ɗora huɗu kafaɗa da kafaɗa ya sauko 2, yawancin ƙananan na'urori kuwa ba su jure haka, sai zafi da hayaƙi.

Na biyu, wutar da za ta ci. Inda wutar Nepa ba ta da tabbas, batir mai bolt 12 da farantin sola sun fi. Amma bolt 12 yana da iyaka: in ba a sa abin ɗaga wuta ba, ba zai ba lasifika mai om 8 fiye da wajen wat 9 ba, kome a ka rubuta a kwali. Ga akwati mai ƙaramin ci wannan ya wadatar, batir kuma ba ya gunji.

Na uku, irin na'urar. Akwai tsohon tsari da a ke kira AB, irin na TDA2030 mai ba da wajen wat 14, mai sauƙin gyara, amma kusan rabin wutarsa zafi ya ke zama. Akwai sabon tsari da a ke kira D, irin na TPA3116, wanda wajen kashi 90 cikin 100 na wutarsa ke isa lasifika, don haka batir ya kan daɗe. Sai dai waɗansu allunansa na araha suna da shuwa, sai an saurara kafin a biya. Mai ƙwayayen gilashi kuwa tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, su kan kuma saura a cikinta bayan an kashe. Ba ta koyo ba ce, rai ba shi da na canji.

Na huɗu, zafi da ƙura. Bazarar ƙasar Kano ta kan kai digiri 40, hunturu kuma ya cusa ƙura ko'ina. A sa ƙarfen shan zafi mai faɗi, a yi wa akwati ƙofofin iska, a sa fiyus, kada a maye gurbinsa da waya.

Na biyar, gwaji. Mai zaure ya kai akwatinsa rumfar mai gyara, ko ya kira shi gida. A haɗa, a kunna, kada a sa kome, ya kasa kunne daga inda ya saba zama. In ya ji shuwa ko gunji, aiki bai ƙare ba. Sa'an nan a sa ƙira'a da murya ƙasa-ƙasa, ya duba ko yana rarrabe sin da sadi, da ha mai ƙaramin ciki da mai babba. Na'urar da ta fid da harafi a ƙaramar murya ita ce ta kirki.

Haƙƙin maƙwabci

Saura magana a kan ƙaho, domin sau da yawa amfilifayar zaure ita a kan ara ranar walimar sauka ko Mauludi. Ƙaho mai desibel 106, da wat 1 kaɗai, zai kai wajen 66 ga wanda ke gabansa a nisan mita 100, ya fi hira ƙarfi. In an jera ƙahoni a ka ba su wat 100, gidan da ke mita 10 zai sha fiye da desibel 100. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade 85 ga awa 8, a 100 kuwa minti 15 kurum. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Cikin gidan nan kuwa akwai jariri, akwai majinyaci, akwai mai nafila.

Masallacin Sultan na Singafo ya sa lasifika tun 1936, al'umma kuwa ta amfana da ita ƙwarai. Amma cikin 2021 hukumar al'amuran addini ta Saudiyya ta umarci a tsayar da lasifikar waje a sulusin ƙarfinta, a keɓe ta ga kiran salla da iƙama. Malamai ba su bukatar a tuna musu wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa game da sassauta murya, ko umarnin da ke ƙarshen Suratul Isra'i na bin tsakaici tsakanin bayyanawa da ɓoyewa.

Saboda haka wanda zai ba da aikin amfilifaya ya fara duba lambar lasifikarsa, ya auna zaurensa, ya san wutar da ke gare shi, sa'an nan ya yi zancen wat. Rarar kuɗin ya sayi batir mai kyau da ita, ko ya ƙara wa almajirai fitila. Allah ya amfanar da mu da abin da kunnuwanmu ke ji, ya kiyashe mu cutar da maƙwabci. Amin.