Ko Kun Sani? Firijin Tukunyar Ƙasa

Ko kun san tukunyar ƙasa ta jawo wa wani malami a Dutse, Jihar Jigawa, lambar yabo ta duniya? Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan magina tukwane, ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya.

Aikin babu wuya. Ana saka ƙaramar tukunya a cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da tsumma mai laima. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Haka dai randa take sanyaya ruwan sha tun kaka da kakanni. Gautan da kan lalace a kwana 3 yana iya kai kwana 27, tumatir da barkono kuwa su yi mako 3.

Abin burgewa, tukunyar ba ta neman lantarki ko batir. Sai dai tana son inuwa, busasshiyar iska da ƙarin ruwa sau biyu a rana. Da damina sanyinta yakan ragu.