Jiragen Yaƙi Masu Farfela da Suka Ratsa Kano

Mu mazauna Karmo kunnenmu ya saba da rugugin jiragen da ke sauka Abuja, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin kukan jirgin yaƙi mai farfela. Shi nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kai, don ya taɓa taka ƙasarmu.

A zamanin Yaƙin Hitila, hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingilishi wuyar bi. Sai suka riƙa kai jiragen sama Takoradi, a ƙasar Ghana ta yanzu, tun daga watan Satumba 1940. Daga nan a tashi da su a bi ta Ikko, a sauka Kano, a wuce Maiduguri, sai Sudan, har Alƙahira. Galibinsu Hurricane ne da Blenheim, amma har da 'yan Fulmar kaɗan na mayaƙan ruwa.

To, ina bambancin na mayaƙan ruwa da sauran? Shi filin saukarsa bayan jirgin ruwa ne, ga ƙaranci, ga tangaɗi. Saboda haka aka yi masa ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya. Yana sauka sai ta cafki igiyar ƙarfe da aka gitta, ya tsaya cik. Fukafukan Fulmar kuwa naɗe su ake yi, kamar yadda zabo ke tattara nasa, don a sami wurin ajiya. Injinsa Merlin ne na kamfanin Rolls-Royce, mai fistin 12. Aikinsa ɗaya ne da na mota, watau fetur ya kama wuta ya tura fistin, sai dai nan farfela yake juyawa maimakon taya. Malamin da ya gane wannan ba zai sha wuya wajen koya wa yara kimiyyar inji ba.

Fulmar 600 aka ƙera, yau guda ɗaya tak ya rage, yana gidan tarihin mayaƙan ruwa na Yeovilton a Ingila, ba ya tashi. Amma a Old Warden akwai Sea Hurricane da aka ƙera a Kanada, wanda aka gyara ya koma tashi a 1995, ana nuna shi ranar wasan jirage.

Nan ne gardama take. Waɗansu sun ce a ajiye su cikin ɗaki. Waɗansu kuwa sun ce injin da ba a tayarwa tsatsa ke cinsa, makanikan da suka san shi kuma su ƙare ba magaji. Tashin ma ba sauƙi gare shi ba, gama an daina yin kayan gyaransu da yawa, tilas a zauna a ƙera sabo. Ga kuma haɗari. A watan Afrilu 2021 injin wani Sea Fury ya mutu a sama kusa da Yeovilton, ya faɗo ya ragargaje, Allah ya sa mutum biyun da ke ciki suka tsira. Ni dai a ganina, irin da ya rage da yawa a tashe shi jama'a su ji kukansa, wanda ya zama tilo kuwa a bar shi ƙasa.

Mu nan gida, wanda ke son ganin tsofaffin jiragen yaƙi sai ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda aka ajiye na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Suna nan tsaye, ba mai tashi cikinsu.