Shiru iri uku: safiyar zaɓe a kunnen masu sana'ar hannu

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Babu waɗanda suka san gaskiyar wannan magana kamar dukawa, maƙera da masaƙan ƙasar Nijar, domin in ƙasa ta ɗauki zafi, murhunsu ne ke fara hucewa. Ba a cika jin muryarsu a gidan rediyo ba, ba a ganin hotonsu a takardar ƙuri'a. Amma duk mai son ya san lafiyar ƙasa, to ya leƙa rumfunansu da hantsi ya kasa kunne. In ya ji masaba tana dukan uwar maƙera, zugazugi yana numfashi, ana ciniki ana albarka, to ƙasa lau take. In kuwa ya tarar da shiru, sai ya tambaya: wane irin shiru ne? Gama daga 1993 zuwa yau, masu sana'ar hannu sun koyi bambance shiru iri uku.

Shirun safiyar zaɓe

Na farko shi ne shirun da kowa ke marmari. Makwanni ana ta gangami, motoci ɗauke da lasifika suna kewaya unguwanni, makaɗa da maroƙa suna wasa ƴan takara. Sai doka ta tsai da yaƙin neman zaɓe, gari ya yi tsit kamar an ɗauke ruwa. Ran zaɓe da safe, a ƙauyen masu sana'a na Wadata da ke birnin Yamai, ko a rumfunan dukawan Damagaram, akasarin ƙofofi a rufe suke, masu su sun tafi bin layi a farfajiyar makarantar boko, kowa da katinsa a hannu. Baduku ya ajiye basilla, mai ginin tukwane ta Mirya ta wanke yumɓun hannunta, an je an dangwala tawada a yatsa.

Dattawan sana'a ba su manta da farkon wannan al'amari ba. Taron ƙasa da aka buɗe ran 29 ga Yuli 1991 ya kai har 3 ga Nuwamba, aka amince da sabon kundin tsarin mulki a Disamban 1992. Ran 27 ga Maris 1993, a zagaye na biyu, Mahamman Usman na CDS-Rahama ya yi rinjaye a kan Tanja Mamadu na MNSD-Nassara da kashi 54 cikin ɗari. Kalmar da ke bakin jama'a a lokacin ita ce canji. Sunayen jam'iyyun ma kamar addu'a suke: Rahama, Nassara, Tarayya, Zaman Lahiya. Talakan da bai taɓa taka ƙofar lakwal ba ya gane ran nan ƙuri'arsa nauyinta ɗaya da ta minista.

Lokacin zaɓe kuma yakan zo da ɗan alheri. Teloli suna kwana a kan keke suna ɗinkin atamfar jam'iyya, wannan kore, waccan ruwan hoda. Ana sayen takobi mai kube, da rawani, da alabe, a miƙa wa ɗan takara in ya sauka gari. Sai dai masu sana'a sun san cinikin siyasa ruwan bazara ne: ya jiƙa ƙasa, amma ba a dogara da shi a yi shuka.

Shirun washegari

Shiru na biyu kama yake da na farko a ido, amma zuciya ta san ba ɗaya ba ne. Shi ne na safiyar da ke biyo bayan juyin mulki: an kafa dokar hana fita da dare, an rufe iyakoki, kowa ya manna kunne a rediyo, uwa ta hana ɗanta nisa da gida. Nijar ta ga irin wannan safiya sau biyar: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023.

Shugaban da aka zaɓa a 1993 bai cika shekara uku ba, bayan doguwar takaddama tsakaninsa da firayim ministansa Hama Amadu, sojoji suka karɓe mulki ran 27 ga Janairu 1996. A zaɓen Yulin wannan shekara, ana tsakiyar ƙidaya aka rusa hukumar zaɓe, aka ce Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya ci tun zagayen farko. Ran 9 ga Afrilu 1999 aka kashe shi a filin jirgin saman Yamai. Tanja ya ci zaɓe a 1999 da 2004, amma tazarcen 2009 ta kai shi ga 18 ga Fabrairu 2010. Mahamadu Isufu ya kammala wa'adinsa biyu, ya miƙa wa Mohamed Bazum ran 2 ga Afrilu 2021, karo na farko da zaɓaɓɓe ya gaji zaɓaɓɓe tun samun ƴancin kai a 1960. Ran 26 ga Yuli 2023 wannan mulki ma ya katse. A watan Maris 2025 aka rantsar da Janar Abdurahaman Ciyani na tsawon shekara biyar, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa.

Ko wane gefe mutum ya tsaya a wannan tarihi, lissafin baduku bai canzawa. Bayan Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyoyin Najeriya da Benin tsawon watanni, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage shi. Mai sayen kayan aiki a Kano ko Katsina, da mai jiran saƙo daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, duk sun ji a jikinsu.

Shirun kasuwa a buɗe

Na uku shi ya fi ciwo, domin ba shi da ranar farawa ko ta ƙarewa. Rumfa a buɗe, kaya a jere, mai kaya zaune yana kaɗe ƙura, babu mai taya.

Masu sayen kayan sana'ar hannu iri uku ne. Akwai ƴan gida, masu neman takalmin salla, tabarmar amarya, ko gafakar almajiri. Akwai ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi, masu sayen jakunkunan taro da tsarabar baƙi. Sannan akwai baƙi ƴan yawon buɗe ido da ma'aikatan agaji, waɗanda ke biyan kuɗi mai kauri a kan gicciyen azurfa na Agadas. Waɗannan na ƙarshe sun saba leƙa rumfunan gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, da kuma baje kolin sana'ar mata na SAFEM da aka fara a shekara ta 2000.

Baƙo kuwa kamar tsuntsu yake, ƙara kaɗan ke tashinsa. Tawayen arewa ya kore su a farkon shekarun 1990, har sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga dala goma zuwa dala ashirin, ta sa kaya sun yi wa baƙo araha, amma azurfa da duk abin da ake shigowa da shi suka yi wa maƙeri tsada. Tawaye ya sake ɓarkewa a 2007. A Janairun 2011 aka sace Faransawa biyu a wani gidan cin abinci na Yamai, Amurka ta kwashe matasanta masu aikin sa kai. Ran 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, a dajin raƙuman dawa na Kure. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage sawu a bakin rumfa.

Abin tsoro a nan ya wuce abincin yau. Sana'ar hannu ba a littafi take ba, a yatsu take. In ciniki ya mutu shekara biyu, yaron da ke riƙe wa ubansa zugazugi sai ya hau babur yana kabu-kabu, ko ya bi ayarin masu haƙar zinariya, kamar yadda dubbai suka kwarara Jado a 2014. In tsohon ya kwanta dama, ya tafi da saninsa.

Darasin majema

Wanda ya taɓa shiga majema ya san fata ba ta son gaggawa. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushi da ƙwari, sai an jiƙa ta, an sa ta cikin ruwan toka gashi ya saki, an kankare, an tsoma ta cikin bagaruwa ta sha ta ƙoshi, sannan a shafe ta da mai, a rina ta da karan dafi. Wanda ya tsamo ta kafin lokaci, ya yi asarar fata, ya yi asarar bagaruwa. Wanda kuma ya bar ta cikin kwatarniya ta wuce ƙa'ida, shi ma ɓarna ya yi. Majemi bai karanta kundin tsarin mulki ba, amma ya san ma'anar wa'adi: kada a katse shi, kada a zarce shi.

Masu sana'ar hannu ba su roƙon kujera, ba su roƙon kwangila. Bukatarsu hanya a buɗe, baƙo ya shigo ba da fargaba ba, ma'aikatun ƙasa su fifita jakar Damagaram a kan ta roba, yara su zauna su koya. Duk ranar da aka sake kiran jama'a zuwa akwatin zaɓe, mai neman ƙuri'a ya tuna takobin da aka ba shi kyauta hannun wani ne ya ƙera, kuma wannan hannun yana da bakunan da yake ciyarwa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa wa sana'a albarka.