Wa Ke Kallon Tsakar Gidanka?

Yanzu da wuya ka ratsa layin shaguna a Kano ko Kaduna ba ka ga kyamarar tsaro a saman ƙofa ba. Gidaje ma sun bi sahu. Maigida ya kira mai haɗawa, a ja waya, a kafa kyamara huɗu ko takwas, a nuna masa ƙofar gidansa a wayar hannunsa, ya yi murmushi ya biya. Ba kowa ke tsayawa ya tambaya ba: ban da ni, wa ke gani?

Yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu daga Sin suke zuwa, irin na Hikvision da Dahua. Tsofaffin samfura da dama sukan zo da kalmar sirri ta kamfani, kamar 12345, kuma mai haɗawa in yana sauri haka yake barin ta. A 2014 wani shafin intanet mai suna Insecam ya riƙa nuna hotunan kyamarori fiye da 70,000 kai tsaye, har da na cikin ɗakunan mutane, don kawai masu su ba su sauya wannan kalma ba. A 2016 kuma manhajar ɓarna ta Mirai ta bi ta wannan kafa, ta tara kyamarori ta durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter a Amurka.

Ni dai abin da ya fi tayar min da hankali a kusa yake. Na taɓa zama da wani matashi mai wannan sana'a, yana zame yatsa a wayarsa, gida bayan gida. "Duk kwastomomina ne, Yallaɓai," in ji shi, yana alfahari. Ga tsakar gidan wani bawan Allah, uwargida na shanya, ba mayafi. Yaron ba mugu ba ne, ya bar su ne don sauƙin gyara. To, in wayar ta ɓata fa?

Saboda haka, kafin ka sallami injiniya, ka sa sabuwar kalmar sirri da hannunka, ya cire na'urarka daga wayarsa a gabanka. Kyamara ta fuskanci ƙofa, zaure da katanga. Ba ruwanta da ɗakin kwana, balle gidan maƙwabci.

Sai akwatin da ke naɗar hotunan. Ɓarayi sun waye, shi suke fara ɗauka, amma mutane na ajiye shi ƙarƙashin talabijin a falo. A ɓoye shi. Ka tambayi kwana nawa yake riƙe hoto, domin in ya cika, sabo yake ɗorawa kan tsoho. In an yi maka sata, a kwafe hoton a ranar.

Kuma a haɗa akwatin da batir ko sola tun farko, don da an ɗauke wuta, shi ma ya daina naɗa.