KAFIN DA KE CIKIN JIKI DA YADDA CIWON HANTA KE KARYA SHI

Masu tarihi sun ce sunan garin Keffi daga kalmar kafi ya samo asali, watau shingen itatuwa da mutanen dā ke kafawa don tsare gari daga mahara. To, ashe cikin jikin ɗan Adam ma akwai irin wannan kafi.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki tana ɗauke da zare 46, waɗanda masana ke kira kuromosom. A cikinsu gadon iyaye yake. Bakin kowane zare yana da madauri mai suna telomiya, kamar yadda masaƙi ke ƙulle bakin zane kada ya warware. Furotin iri shida ke gadin wannan baki. A 2005 wata masaniya, Titia de Lange, ta raɗa musu suna shelterin. Su ke naɗe bakin su rufe shi, don kada jiki ya zaci zaren tsinkewa ya yi, har ya ɗinke shi da wani.

Duk sa'ad da ƙwaya ta rabu biyu, bakin yakan ɗan gajarce. In ya cinye sai ta daina rabuwa, wannan kuwa shi ne birkin da ke tare ciwon daji. Akwai wani sinadari, telomeres, da ke ƙara wa bakin tsawo, wanda Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano a Amurka cikin 1984. A yawancin ƙwayoyin babban mutum barci yake yi, amma wajen kashi 9 cikin 10 na ciwon daji sukan tashe shi.

A nan ciwon hanta mai lamba B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan, yake ɓarna. Yakan shekara da shekaru yana cin hanta ba a sani ba, ƙwayoyinta na ta rabuwa har bakin zaren ya lalace. Wani lokaci ma ƙwayar cutar kan kutsa cikin zaren ta tashi sinadarin nan. Ƙarshenta abin yana iya kaiwa ga dajin hanta.

Saboda haka duk wanda zai je ganin gida ya biya Asibitin Tarayya na Keffi a gwada jininsa. Mazauna Agege da Sabon Ibadan su je asibiti mafi kusa. A daina aski da aska ɗaya, a kuma yi wa jariri allura cikin awa 24 da haihuwa, domin tun 2004 tana cikin alluran yara a Nijeriya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.