Tramol: Ƙwaya Ɗaya, Aiki Biyu A Jikinka

Ɗan'uwa matashi, ko a jami'a kake, ko kana tuƙa adaidaita sahu, ko kana aikin gini, da wuya a ce ba ka taɓa jin sunan tramol ba. Wani na sha don ƙarfin aiki, wani don karatun dare. Amma kaɗan ne suka san yadda aka gina sinadarin da ke cikinta, alhali a nan haɗarin yake.

Sunanta na asali Tramadol. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa ta a 1962, ta shiga kasuwa a 1977 a matsayin maganin ciwo mai tsanani. Kowane ɗigo na sinadarin ya ƙunshi zarra 16 ta kabon, 25 ta haidirojin, 1 ta naitirojin da 2 ta oksijin, shi ya sa masana ke rubuta shi C16H25NO2.

To, ga inda maganar take. Dubi tafin hannunka na dama da na hagu: yatsu iri ɗaya, amma ba sa hawa kan juna daidai. Haka sinadarin tramol yake, yana zuwa da siffa biyu irin wannan, kuma duka biyun suna cikin ƙwayar da ake sha. Siffa ta farko tana kama wurin da mofin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, tana kuma sa sinadarin serotonin ya taru. Ta biyun tana tara noradirenalin, mai sa mutum ya ji garau. Wannan ne ya sa mai sha yake jin ciwo ya lafa, kuma kamar an ƙara masa ƙarfi. Ba ƙarfi aka ƙara ba fa, saƙon gajiya ne aka toshe.

Aiki biyu, haɗari biyu. In ƙwayar ta yi yawa, ɓangaren da ya yi kama da mofin yana rage numfashi. Taruwar waɗancan sinadarai kuma na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Naloxone, allurar da likitoci ke ceto mai yawan mofin da ita, numfashin take gyarawa, ba ta tsayar da jijjigar.

Sai kuma batun hanta. Akwai wani sinadarin aiki a hanta mai suna CYP2D6, wanda ke sauya tramol zuwa wani abu da ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Saurin aikinsa gado ne, ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Saboda haka in abokinka ya ce "ni biyu nake sha, ba komai", hantarsa yake ba ka labari, ba taka ba.

Yanzu ka yi lissafi. Iyakar da likita ke ba babba a yini ɗaya miligiram 400 ce, kuma a rarrabe. NAFDAC ta amince ne da mai 50 da mai 100, amma wadda NDLEA ke yawan kamawa mai 225 ce. Biyu kacal sun kai 450.

In ka riga ka saba da ita, kada ka yanke dare ɗaya, domin jiki zai yi bore da zufa, rashin barci da fargaba. Je asibiti ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha, a rage maka sannu a hankali. In kuma ka ga wani ya faɗi yana jijjiga, kada ka cusa masa cokali a baki ko ka ɗura masa madara. Kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti da sachet ɗin abin da ya sha.