Gwiwa a Ƙasa, Waya a Hannu

A Kano da Zariya da Katsina, har can Damagaram, akwai wasu masu ɗaukar hoto da ba su da shago, ba su da allon talla, ba kuma wanda ke kiransu biki ko suna. Cikinsu akwai ɗaliban jami'a, da ma'aikatan ofis, da teloli, da 'yan mata masu sayar da kaya ta intanet. Ranar Asabar da sassafe, kafin gari ya cika, za ka ga ɗaya ya durƙusa a bakin kwata yana hangen indararo, wani ya manna kafaɗa da katanga ya karkatar da kai. Dattijon da ke zaune a dakali yakan gaji da kallo ya ce, "Samari, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?" Babu abin da ya faɗi. Inuwar zanko ce ta kwanta a jikin bango yadda yaron yake so, yana sauri kada rana ta ɗaga ta tafi da ita.

Kayan aikinsu bai taka kara ya karya ba. Yawanci waya ce, Tecno ko Infinix ko Samsung ko iPhone ta hannu. Ƙalilan ne suka yi tari suka sayi tsohuwar Canon ko Nikon. Sha'awa ce ke fito da su, ba neman na cefane ba. Ita kuwa wannan sha'awa ta daɗe a duniya, domin tun 1900 da kamfanin Kodak ya fito da 'yar kyamarar nan Brownie a kan dala ɗaya, hoto ya kuɓuce wa gwanaye ya shiga hannun kowa. Abin da waya ta ƙara shi ne ɗauke kuɗin fim da na wanki. A da, fim guda hoto 24 ne ko 36, kowane ƙyas sai da lissafi. Yanzu mutum sai ya ɗauki ɗari ya goge, ko kwabo bai kashe ba.

Sai dai arahar ba ta sa hotunanmu sun bambanta ba. Buɗe wayar duk wanda ka ga dama: a tsaye aka ɗauka, waya daidai fuska, abin da ake ɗauka a tsakiya. A ganina nan ne wanda ya iya yake rabuwa da mai danne-danne, don shi ƙafarsa da gwiwarsa ne ke gama aikin kafin yatsa ya taɓa komai. Wani ɗan Rasha, Alezanda Rodchenko, ya yi wannan faɗan tun shekarun 1920. Kyamarori da yawa na lokacin a daidai ciki ake riƙe su ana leƙawa ta sama, shi kuwa ya riƙa yi wa irin hoton ba'a cewa hoton cibiya ne. Sai ya koma tsayawa a gindin dogayen benayen Mosko yana ɗaga kai, ko ya hau can ƙololuwa ya leƙo masu tafiya a titi. An zarge shi da jirkita gaskiya. Yau irin ɗaukarsa ake koyarwa a makarantun hoto.

Gini ne ke fara ba sabon shiga kunya. Idon kyamarar waya mai faɗi ne, an yi shi don ya kwashi abu da yawa a wuri matsattse. Ka tsaya a gaban Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ka ga saman ginin bai shigo ba, sai ka ɗaga bakin wayar. Da ka yi haka, ƙasan bango ya fi kusa da kyamara ya yi faɗi, samansa ya yi nisa ya tsuke, ginin ya fito kamar zai kife ta baya. Ginin tubali kuwa da ma can gindinsa ya fi samansa kauri, haka magina ke ɗora shi don ya ɗauki nauyin kansa, saboda haka karkatar takan ninka. Maganin ba wuya: ka ja da baya, ka riƙe wayar a miƙe, ka jawo hoton sau biyu idan wayarka tana da ido na biyu, ko ka hau dakali ka ƙara tsawo. In lungun ya matse, ba wurin ja da baya, to ka daina kokawa da karkatar. Matsa har gindin bangon, ka ɗaga kai gaba ɗaya, ka bar zankwaye su soki sama. Abin da ba ya kyau shi ne tsaka-tsaki, wanda mai kallo ba zai gane ko ganganci ba ne ko kuskure.

Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, ta isa misali. Daga gindinta, itatuwan da suka fito a jikinta kan jeru suna ƙanƙancewa har ido ya kasa ƙirga su. Daga kan soron wani gida can nesa kuwa, sai ka ga siffarta ta ainihi tana tsaye a kan rufin garin. Hasumiya ɗaya ce, labari biyu, kuma mai hoto ne ke zaɓar wanda zai bayar.

Inda aikin ya fi daɗi, kuma ya fi cin haƙuri, shi ne zanen jikin bango. Dagi da sauran zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure tudu ne da kwari, kuma inuwa ce kaɗai ke nuna tudu a hoto. Shawarar da ake yawan ji ita ce a ɗauki hoto da fitowar rana ko dab da faɗuwarta, lokacin da haske ya yi laushi. Gaskiya ne ga fuskar mutum, amma ga zanen bango ba kullum ba. Gidan da ke kallon gabas, rana tana fitowa take dukan fuskarsa kai tsaye, inuwa ta ɓuya a bayan zanen, bango ya fito sumul kamar ba a taɓa shi ba. Sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta hau tana goga bangon daga sama, sannan kowane lanƙwasa ke samun baƙin layi a ƙarƙashinsa, har sawun yatsun magini ya bayyana a yaɓen. Wanda ke kallon yamma, bayan azahar kaɗan ne lokacinsa.

Akwai kuma lissafin wata. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Satumba zuwa Maris rana ta kudu take bi. Gidan da ƙofarsa ke kallon arewa, duk tsawon hunturu rana ba ta taɓa fuskarsa ko sau ɗaya. Mai son zanensa sai ya jira Mayu ko Yuni, lokacin da rana tsaka ke karkata arewa tana zubo haske a jikin bangon. Masu wannan harka da suka daɗe sukan riƙe irin wannan a ka: gida kaza na hunturu ne, ƙofa kaza ta bazara ce.

A cikin soro kuma, abin kallon yana sama. Bakan gizo da daurin guga, irin waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, ba sa shiga hoton wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Dabarar ita ce a kwantar da waya a ƙasa daidai tsakiyar ɗakin, idonta na kallon rufi, a saita ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma, mutum ya matsa gefe. Haka ana jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: bakunan sun haɗu a tsakiya yadda magini ya tsara su, kuma hannu bai girgiza ba, abin da ke ɓata hoto a wuri mai duhu. Fitilar waya kuwa a kashe ta, ba abin da take yi sai wanke launin ƙasa.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, kusan kowa hoto ɗaya yake ɗaukowa daga can: marini a tsugune, ya ɗago zane. Wanda ya ɗaga waya sama da kansa ya kifa ta, shi ke samun da'irorin ramukan a jere. Wanda ya yi haƙuri ya jira, shi ke kama 'yan daƙiƙun nan da zane ke fitowa daga ruwan baba da kore-kore kafin iska ta mayar da shi shuɗi. A nan ne kuma za ka gane hoto na iya shara ƙarya ba tare da an taɓa shi ba. Ramuka da yawa a wurin an daina aiki da su. Ka karkata dama, marina ta fito cike da rai. Ka karkata hagu, ta fito kufai. Ina ganin mai gaskiya duka biyun zai ɗauka.

Daji ya fi gini sauƙin kai, ba ya cewa don me. Kuka da rani, ba ganye ko ɗaya, ta fi kyau idan ka sa ta tsakaninka da rana ka rage haske har ta zama baƙa wuluk, rassanta kaɗai ke magana. Gawo nasa daban ne: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, saboda haka a Yuli za ka same shi tsirara a tsakiyar gonar gero mai duhun ganye. Hazon hunturu, da mutane ke tsinewa, alheri ne ga mai hoto, don yana dusashe abin da ke nesa ya ware na kusa. Daga kan Dala za ka ga unguwanni suna shuɗewa layi-layi har Goron Dutse ya zama inuwa. Illarsa ƙura. Da yawa cikin hotunan da ake cewa waya ce ba ta da kyau, gilashin ne ba a goge ba. Bayan ruwan sama kuwa, kududdufin da kowa ke tsallakewa madubi ne ga wanda ya yarda ya kai waya dab da ruwa.

Kayan yau da kullum su ne makarantar da ba a biya. Faifai daga sama tsaf da'ira ce cikin da'ira. Kwarya idan aka kifa ta kusa da taga, haske na shigowa ta gefe, sassaƙarta ke fitowa. Mai shayi yana ɗaga kofi yana sheƙa shi cikin wani, in ka tsaya ta inda fitilarsa ke bayan ruwan, tururi da zaren shayin duka za su haska; ka koma ɗaya gefen, ba komai sai mutum da kofi biyu. Yawancin wayoyi ba sa iya kama abin da ya matso ƙasa da kamar faɗin tafin hannu, don haka a ɗan ja baya, a taɓa allon daidai inda ake so ya fito tar. Wanda ke ganin waɗannan ƙananan abubuwa ba su kai a ɗauka ba, ya nemi aikin J.D. Okhai Ojeikere. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, ya tara hoto kusan dubu, da yawansu ta ƙeya, don ta nan ne ginin kitson ke bayyana. Ya rasu a 2014, hotunan kuwa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Akwai ma waɗanda suka karkata ga gini da itace da kwarya saboda suna kauce wa hoton mai rai, kuma cikinsu akwai masu idon da ba a samu ko'ina ba.

Neman kusurwa yana da iyakar da ba kyamara ce ta gindaya ta ba. Hawa bene a cikin gari yana ba da hoto mai kyau, amma daga can tsakar gidan maƙwabta a buɗe take, da matan gida cikin ayyukansu. Wanda ya san ya kamata yakan juya wa wannan baya. Gidan mutane kuwa zaure ne iyaka, shi ma sai da sallama: "Baba, sannu da hutawa. Zanen ƙofar nan ne ya burge ni, ko a ba ni izini in ɗauka?" Sau da yawa amsar takan zo har da sunan maginin da shekarar da aka yi yaɓen. Masu sana'a, irin marina da maƙera, a ba su na goro, lokacinsu aka ci. Barikin soja da shingen jami'an tsaro da filin jirgin sama, waya ta koma aljihu tun daga nesa.

Gyaran hoto shi ne inda da yawa ke zubar da abin da suka sha wahalar samu. Snapseed da Lightroom suna da amfani wajen miƙar da bangon da ya karkata da buɗe inuwar da ta yi duhu. Amma an kamu da cutar ƙara launi: jar ƙasar Kano ta koma ruwan lemo, sararin hunturu ya yi shuɗin da bai taɓa yi ba. Duk ɗan gari ya kalla ya san ba garinsu ba ne.

Kuɗi fa? Wasu yana zuwar musu ta bayan gida. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ta ga hoton kwarya, ta ce a zo a ɗaukar mata kayanta. Mai gidan abinci ya nemi na faranti. Daga nan sai ɗaurin aure, inda tsofaffin masu hoto ke hararar yaron da ya shigo musu kasuwa da waya. Wasu kuma shafinsu ne ke kai su nesa, kamar Fati Abubakar, wadda ta fara sa hotunan rayuwar Maiduguri a Instagram a 2015 da sunan Bits of Borno har jaridun duniya suka nemo ta. Mafi yawa dai ba su taɓa karɓar ko sisi ba, ba su kuma damu ba.

Abin da ya kamata ya dame su shi ne ajiya. Ƙofofin ganuwa da dama an rushe su an sake su da siminti don faɗaɗa titi, kuma duk damina sai wani tsohon soro ya zauna. Hoton da yaro ya ɗauka don nishaɗi yana iya zama shi kaɗai ya rage na wannan zanen, ga shi kuwa yana cikin wayar da za a iya fizgewa a Kantin Kwari ko ta faɗa ruwa. Hoton da aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi, sai in a matsayin fayil aka aika. Masu lura sukan kwafe nasu a kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, su rubuta unguwa da wata da shekara a sunan kowane hoto, waɗanda suka fi so kuma su kai a wanke musu a takarda.